Zanen Bango: Abin da Ɗorawa da Dafara Ke Koya wa Mai Fenti

Duk wanda ya ratsa garuruwan Yako da Kiru da Bebeji zai ga bangaye cike da rubutu da zane: sunan ɗan takara, tambarin ƙungiyar ƙwallo, ko hoton almakashi a shagon tela. Amma kafin damina biyu ta wuce, yawancinsu sun koɗe ko sun ɓantare. Me ya jawo haka, alhali magina na dā sun bar adon da ke jure ruwa da rana? Amsar tana cikin ilimin halittu.

Asalin Fasahar

A ƙasashen Turai ana kiran rubutun bango girafiti, kalmar da ta samo asali daga Italiyanci mai nufin karce. Irin na zamani ya bunƙasa ne a biranen Filadelfiya da New York na Amurka a ƙarshen shekarun 1960, inda samari ke fesa sunayensu a bango da jikin jiragen ƙasa. Fentin gwangwani, wanda Edward Seymour ya ƙirƙiro a 1949, shi ya sauƙaƙa musu aikin.

Sai dai ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan harka. A duwatsun Birnin Kudu akwai tsofaffin zane-zanen shanu. A Kano da Zariya kuwa, magina sun shahara wajen ƙawata fuskar zaure da dagi da takobi, daga baya har da keke. Tun da zaure titi yake kallo, wannan ado na kowa ne, kamar dai girafiti.

Kimiyyar Makuba da Laso

Magini ba ya tsayawa ga kyan zane, sai ya yi masa garkuwa. Garkuwa ta farko ita ce makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, itacen da masana ke kira Parkia biglobosa. Idan aka jiƙa ɓawon, yana sakin wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, irin wanda majema ke samu daga bagaruwa. Tsiro na yin tanin ne domin kare kansa daga ƙwari da ƙwayoyin cuta. Idan aka kwaɓa yumɓu da ruwan makuba aka yi yaɓe, bango kan yi duhu, ya yi tauri, ruwa kuma ya riƙa zamewa a kansa.

Garkuwa ta biyu ita ce laso, wato simintin gargajiya. Ana haɗa shi da katsi daga karofi, da gashin dabbobi daga majema, da kuma dafara, wani tsiro mai yaɗo da ke da yauƙi. Yauƙin dafara na haɗe ƙwayoyin kwaɓin, gashi kuma na hana shi tsagewa, kamar yadda rodi ke riƙe kankare.

Maƙiyan Zane

Abubuwa huɗu ke cin zanen bango. Na farko hasken rana, wanda ke karya sinadarin da ke riƙe launi. Na biyu danshi mai tasowa daga ƙasa ɗauke da gishiri. Idan ruwan ya bushe, gishirin kan daskare a ƙarƙashin fenti ya ture shi. Na uku gansakuka, wadda ke tsirowa inda laima da haske suka haɗu. Na huɗu fumfuna, wadda ke cin ƙura da wasu sinadaran fentin, ta bar baƙin tabo. Da yake kudancin Kano, musamman Tudun Wada da Doguwa, ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, waɗannan maƙiya sun fi ƙarfi a can. Bangon gabas ya fi shan wuya, domin daga gabas hadari ya fi tasowa.

Har ila yau, akwai haɗari ga mai zanen kansa. Wasu fentocin mai, musamman ja da rawaya, na ɗauke da darma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978. Gubar darma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, abin da ke nuna cewa ba a wasa da ita. Don haka bai kamata a kankare tsohon fenti a busasshe kusa da yara ba.

Aikin Gwaji

Malami zai iya sa ɗalibai su yi tubali 3. A yaɓe na farko da yumɓu zalla, na biyu da yumɓu mai makuba, na uku kuma a shafa masa fentin ruwa. Bayan sun bushe, a riƙa yayyafa wa kowane kofin ruwa ɗaya kullum har kwana 14, ana rubuta abin da aka gani.

Kammalawa

Ɗalibi mai sha'awar zane ba ya buƙatar raina gwangwanin fenti, amma ya sani cewa kowace ɗorawa da aka sare don gawayi, an rage kalwar miya, an kuma rage makuba. Kafin tsofaffin magina su ƙare, ya dace ƙungiyoyin kimiyya na makarantu su je su tambaye su yadda ake kwaɓin, su rubuta, su kuma gwada.