Kafin ka kama gida a layi mai get

A Kano, daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, za ka ga layukan da aka sa wa get a baki, ana rufewa da dare. Tun bayan hare-haren da aka kai birnin ranar 20 ga Janairu, 2012, Kanawa suka ƙara damuwa da wanda ke shigo musu unguwa, sai ƙwacen waya da faɗan daba suka ƙara ingiza su. Dillalai sun gane haka sarai: da an ce maka "layi mai get ne", to ka shirya jin kuɗin haya ya ɗaga.

Amfanin a fili yake. Baƙuwar fuska ba ta wucewa ba a tambaye ta ba, masu adaidaita sahu sun daina yanke ta ƙofar gidanka don gudun cunkoson Titin Zariya, yara su samu wurin wasa. Mutanen da suka iya haɗa kuɗin gadi kuma, gyaran taransfoma ko yashe kwata ba ya gagarar su.

Amma kada ka biya ko sisi sai ka koma layin da kanka bayan sallar isha'i, ba tare da dillali ba. Nemi maigadi ka tambaye shi: ƙarfe nawa ake rufewa, makulli nawa ne, a hannun wa suke? Nan ne matsalar take. Asibitin Malam Aminu Kano na nan kusa, amma idan naƙuda ta taso wa maiɗakinka ƙarfe biyun dare, mai makulli kuma ya tafi ganin gida, kusancin bai amfane ka da komai ba. Duba faɗin get ɗin, ko motar kashe gobara za ta shige. Idan layin baki biyu gare shi aka garƙame ɗaya har abada, ka yi tunani sosai.

Sai kuɗi. Tambayi maƙwabta, ba mai gida ba, nawa ake biya a wata, gidaje nawa ne ke biya da gaske, kuma wa ke riƙe da lissafi. Maigadin da ke bin bashin albashi barci zai yi, kuma ban ga laifinsa ba. A rubuta a takardar haya ko kai za ka biya ko mai gida.

Uwargida ma a ji ta bakinta, don ita ke wuni a gidan. Mai ruwa, mai kayan miya da almajirin da ke mata aike, ana barin su shiga? 'Yan'uwa daga ƙauye fa, a ranar suna ko zaman makoki?

Ku da kuke shirin sa wa layinku get, ku tuna titi na jama'a ne. Ku fara da mai unguwa, ku nemi izinin hukumar tsara birni ta KNUPDA, sannan ku kira mai walda. Makulli kuma kada ya gaza uku, a gidaje daban-daban, kowa ya san lambar wayar masu riƙe da su.