Shin Mai Jin Muryoyi Yana Warkewa?

Wata mai sauraronmu daga Damagaram ta ce a tambaya mata masana: ƙaninta yana jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, kuma ya ƙi cin tuwon gida, wai an sa masa guba. Yaya likitoci ke gane wannan ciwo, kuma yana da magani?

To Malama, Allah ya ba shi lafiya. Babu gwajin jini da ke nuna wannan taɓin hankali kai tsaye. Likita zama yake yi da majinyaci da danginsa, ya tambayi yaushe abin ya fara, yana barci ko a'a, yana shan wiwi ko ƙwaya. Sai ya tabbatar ba sanƙarau ba ne ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, don su ma suna kawo sambatu.

Nau'in da ya fi daɗewa, sikizofireniya, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mutum 1 cikin 300. Magani kuwa akwai, tun 1952 da likitocin Faransa suka fara ba da chlorpromazine. Yau har da allurar wata-wata ga mai mantuwa. Wanda magunguna biyu suka gaza a kansa, akan ba shi clozapine, ana duba jininsa a kai a kai.

Bincike ya nuna jinkirin zuwa asibiti na rage samun sauƙi. Addu'a ba ta hana ganin likita, amma ɗaure shi da mari zalunci ne. Kada ki yi masa musu kan gubar. Ki ci daga kwanonsa yana gani, sannan ku kai shi asibiti cikin makon nan.