Amsoshin Tambayoyinku: Hoton ciki zai nuna ko maraƙin na raye?

Tambaya: Saniyata bunaji tana da cikin wata takwas. Kwana biyun nan ta rage ci, kuma na daina ganin motsi a kwiɓinta. An ce ana yi wa shanu hoton ciki irin na mata. Zai nuna min halin da maraƙin yake ciki? Ba zai cutar da shi ba? Daga wani mai kiwo a Funtuwa.

Amsa: Malam, Allah ya ba ta lafiya. Kwantar da hankalinka, na'urar hoton tana aiki ne da sauti, ba ta illa ga uwa ko ɗa.

Saniya kan ɗauki ciki kwana 280 zuwa 290. Tun cikin yana kwana 30 likita ke iya gano shi ta dubura. Amma a wata takwas maraƙin ya yi nauyi ya gangara ƙasa, don haka sau da yawa ta waje ake dubawa. Za a aske gashin kwiɓin dama, can ƙasa kusa da hantsa, a shafa mai, a ɗora na'urar. Dama ake bi saboda tumbi ya mamaye hagu, iskar cikinsa kuma tana tare sautin.

Abin da likita zai fara nema shi ne zuciya. Lafiyayyen maraƙi a wannan lokaci zuciyarsa kan buga wajen sau 100 zuwa 120 a minti, bugun ya ƙaru idan ya motsa. Rashin motsi kaɗai ba hujjar mutuwa ba ce, domin ɗan tayi yana barci. Shi ya sa gwanin likita kan jira, ko ya sake dubawa, kafin ya yanke hukunci. Daga nan ya duba ruwan mahaifa, ko ya gurɓace ko ya yi yawa fiye da kima, da kuma lafiyar mabiyiya.

Sai dai hoto ba ya faɗin cutar da ta jawo matsalar. Bakkale, wadda ke sa shanu ɓari a watannin ƙarshe, gwajin jini ke gano ta, kuma tana kama mutum ta ɗanyar madara da taɓa abin da aka ɓarar.

Ni rage cin nan ya fi damuna. Nemi likitan dabbobi yau, kada ka jira gobe. In babu na'urar a kusa, tuntuɓi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.