Sunan Attenborough: Asalinsa, Yawan Masu Shi da Yaɗuwarsa a Ingila

Gabatarwa

A shekarar 1966 aka buɗe wani gandun kare tsuntsaye a gefen kogin Trent, kudu maso yammacin birnin Nottingham na ƙasar Ingila, a wurin da aka daɗe ana haƙar tsakuwa har ramukan suka cika da ruwa. Wanda aka gayyato ya buɗe gandun shi ne David Attenborough, shahararren mai shirya finafinan namun daji. Ƙauyen da gandun yake kuwa, shi ma sunansa Attenborough. Wannan dacewa tana da dalili, domin daga ƙauyen ne sunan dangin mutumin ya samo asali ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi.

Duk da shaharar sunan a duniya, masu ɗauke da shi kaɗan ne. Manyan da ke amsa shi a Birtaniya ba su wuce misalin dubu ɗaya ba, alhali masu sunan Smith sun haura rabin miliyan. Wannan maƙala za ta bi diddigin sunan don nuna abu guda: sunan da masu shi ba su da yawa ya fi sananne adana tarihi, amma ba ya bayar da tarihin nan sai ga wanda ya haɗa tsofaffin rubuce-rubuce da taswira da lissafi.

Kafuwar sunayen gado

Sunan gado shi ne wanda ɗa ke karɓa daga uba ya miƙa wa nasa ƴaƴan ba tare da ya sauya ba. Wannan al'ada ta fara kafuwa a Ingila bayan mamayar Normawa ta 1066. Manyan masu ƙasa ne suka fara, talakawa suka biyo baya sannu a hankali, har zuwa wajajen 1400 lokacin da mafi yawan gidaje suka mallaki suna tsayayye. Masana sukan kasa sunayen kashi huɗu: na sana'a, kamar Smith, wato maƙeri; na sunan uba, kamar Johnson, wato ɗan John; na laƙabi, kamar Short, wato gajere; sai na wuri, inda Attenborough ya faɗo.

Bambancin da ke tsakanin kashi na farko da na ƙarshe yana da muhimmanci. Kusan kowane gari yana da maƙeri, saboda haka sunan Smith ya tsiro a wurare masu yawa, a kan mutanen da ba su haɗa komi ba sai guduma da uwar maƙera. Ƙaramin ƙauye kuwa guda ne a duniya. Galibi ba a kiran mutum da sunan garinsu yana cikinsa, sai in shi ne mai ƙasar. Sai ya fita ya zauna cikin baƙi ake liƙa masa. Mai jin Hausa ya san wannan, domin ba a Katsina ake ce wa mutum Bakatsine ba. Haka kuma, dole wurin da ya koma ya kasance kusa, inda mutane suka san ƙauyen nasu, in ba haka ba kiransa da sunan ba shi da amfani. Don haka tun daga farko ana tsammanin irin wannan suna ya taru kewaye da mahaifarsa.

Tushen kalmar

Akwai hanyoyi biyu da za a iya feɗe kalmar. Wanda ya san Ingilishin tsakiyar zamani zai hango atten a farkonta, wadda ke nufin “a wurin”, sannan borough, daga tsohuwar kalma burh, wato ganuwa ko wuri mai kariya. Zaton ba na banza ba ne, domin sunaye da yawa ta haka suka ginu. Atwood ya fito daga atte wode, mazaunin gefen kurmi. Nash ya fito daga atten ash, mazaunin gindin wata itaciya, inda masu magana suka yanka kalmomin a wurin da ba nan iyakarsu take ba, baƙin n ya bar kalmar farko ya manne wa ta biyu. Irin wannan gocewar iyaka ta faru a Hausa ga kalmomin aro daga Larabci: al-imam ya zama liman, al-kitab ya zama littafi, inda l na harafin bayyanawa ya narke cikin tushe.

Sai dai hujjoji biyu sun rushe wannan fassara. Ta farko ita ce tsohon rubutu. A ƙarni na 12 an rubuta sunan ƙauyen Adinburcha, da d. Masana sunayen wurare sun fassara shi da ganuwar da ake dangantawa da wani mutum mai suna Adda ko Æddi. Ke nan gaɓar farko sunan mutum ce, daga baya d ya koma t. Hujja ta biyu ita ce taswira. Wuraren da ake kira burh sun cika Ingila; kalmar ce a ƙarshen Peterborough da Middlesbrough, ita ce kuma a Canterbury da wata siga ta nahawu. Da a ce sunan yana nufin “a wurin ganuwa”, da ya tsiro a gundumomi da yawa. Amma cibiyarsa guda ce, gundumar Nottinghamshire da maƙwabciyarta Derbyshire, daidai inda ƙauyen yake. Darasin a nan shi ne kamannin kalma a yau ba ya isa hujja a kan asalinta.

Inda ake samun alƙaluma

Mai bin tarihin suna a Ingila yana da takardu da suka jeru cikin zamani. Akwai jerin masu biyan harajin kai na 1377 da 1379 da 1381, lokacin da sunayen gado suke kan kafuwa. Akwai littattafan majami'u na baftisma da aure da binnewa, waɗanda aka umarta a fara ajiyewa a 1538. Akwai harajin murhu na 1662 zuwa 1689, mai nuna magidanta gari-gari. Hukuma ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1837, sannan ƙidayar jama'a ta 1841 ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowa. Ƙidayar 1881 ce aka fi zana taswirar sunaye da ita, domin an daɗe da shigar da ita cikin kwamfuta. Ƙamus na sunayen dangi da Patrick Hanks da Richard Coates da Peter McClure suka fitar a Oxford a 2016, mai ɗauke da sunaye fiye da 45,000, shi ma yana nuna inda kowane suna ya fi taruwa a wannan shekara.

Tarko biyu ke jiran mai ƙirga. Na farko rubutu ne. Kafin karatu ya yaɗu, magatakarda yakan rubuta abin da kunnensa ya ji, shi ya sa ake cin karo da Attenborrow da Attenburrow. Wanda ya ƙirga siga ɗaya ya bar sauran ya rage dangi da hannunsa. Na biyu shi ne ruɗin manyan birane. A ɗauka, a misali, an sami mutum 100 masu wani suna a birni mai mutum miliyan huɗu, aka kuma sami 60 a gunduma mai mutum 200,000. Birnin ya fi yawa a ido, amma in aka auna cikin kowane 100,000, birnin yana da biyu da rabi, gundumar tana da 30. Gidan sunan yana gundumar. Tun a 1890 Henry Guppy ya gane haka: ya ƙirga manoma kaɗai, domin su ne ba su cika ƙaura ba, ya kuma auna kowane suna cikin 10,000.

Me ya riƙe sunan kusa da gida?

A 1885 Ernst Ravenstein ya nazarci alƙaluman ƙidaya ya nuna cewa mafi yawan masu ƙaura gajeriyar tafiya suke yi. Mutum yakan koma ƙauye na gaba don aure ko ƙodago, ɗansa ya ƙara gusawa kaɗan. A yankin Nottingham kuma sana'ar saƙar safa da leshi ta samar da aiki kusa, babu dole sai an yi nisa.

Gidan da ya fi shahara da sunan ya isa misali. An haifi Frederick Attenborough a 1887 a Stapleford, garin da bai kai kilomita goma daga ƙauyen ba. Wato bayan ƙarnuka da dama, reshen nan bai gusa abin da ya wuce tafiyar hantsi ba. Karatu ne ya fitar da shi: ya tafi Cambridge, inda aka haifi ɗansa Richard a 1923, aka haifi David a Isleworth kusa da Landan a 1926, sannan ya shugabanci kwalejin jami'a ta Leicester daga 1932 zuwa 1951. Nisan da ba a yi ba cikin ɗaruruwan shekaru, mutum ɗaya ya yi shi cikin rayuwarsa. Wannan ne ya sa taswirar 1881 ta fi ta yau nuna asali, ko da yake ita ma jirgin ƙasa da masana'antu sun riga sun fara dama ta.

Yadda sunaye ke mutuwa

Ƙarancin masu suna ba ya nufin sabo ne. Francis Galton ya jefa tambayar ƙarewar sunayen dangi a 1873, shi da Henry Watson suka yi mata lissafi, ko da yake Bafaranshe Irénée-Jules Bienaymé ya riga su tun 1845. Ga misali mai sauƙi. A ɗauka kowane namiji yana barin ƴaƴa biyu, kowannensu na iya zama namiji ko mace daidai wa daida. Yiwuwar duka biyun su zama mata ita ce ɗaya cikin huɗu, ke nan sunaye 25 cikin 100 za su ɓace a zuriya ta farko. Zuwa ta biyu adadin ya kai 39, ta uku 48, ta biyar 60, ta goma kusan 74. Duk wannan alhali yawan jama'a bai ragu ba. Sunayen da suka tsira su ne ke cinye gurbin waɗanda suka mutu, wani ya bunƙasa, wani ya tsaya ƴan ɗaruruwa, ba don wata fifiko ba sai rabon haihuwar maza.

Shaidar ƙwayoyin halitta

Kuromozom Y yana bin hanyar da sunan gado ke bi, daga uba zuwa ɗa. A 2009 Turi King da Mark Jobling na jami'ar Leicester, wadda Frederick ya taɓa shugabanta tana kwaleji, suka buga binciken da suka yi a kan maza 1,678 masu sunaye 40. Masu sunan Smith sun fito a warwatse kamar mutanen da aka tsinto barkatai. Masu sunan Attenborough kuwa, kashi 87 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun taru a kan kaka guda. Abin da tsohon rubutu da taswira suka nuna, jini ya gaskata shi.

Duk da haka akwai buƙatar taka-tsantsan. Alƙalamin bai tabbatar da cewa mutum ɗaya tak ne ya taɓa ɗaukar sunan ba. Mai yiwuwa mutane da dama sun fita daga ƙauyen da shi, rassan wasu suka ƙare kamar yadda lissafin baya ya nuna, reshe guda ya mamaye. Masu binciken da kansu sun jaddada ƙarfin wannan zaizaya. Ragowar kashin kuma na iya fitowa daga riƙo, ko ɗaukar sunan uwa, ko wani tushe na dabam.

Kammalawa

Ɗalibin da ya so gwada wannan hanya a Maraɗi ko Damagaram zai fara da lura cewa tsarin ya bambanta. A nan mutum yakan ɗauki sunansa da na mahaifinsa: Abdu Musa ya haifi Sani Abdu, sunan Musa ya fita daga takarda a zuriya ta uku. Taswirar irin waɗannan sunaye ba za ta nuna dangi ba. Sunan gari yakan liƙe wa mutum, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari, kuma a wasu gidaje ƴaƴa da jikoki sun fara gadonsa, matakin da Ingila ta taka ƙarnuka da suka wuce, wanda a nan ana iya kallonsa yana faruwa.

Abin da za a iya ara shi ne ladabin aikin. A nemo siga mafi tsufa kafin a fassara suna. A tattara dukkan rubuce-rubucensa, domin Mahamadou da Mahamane da Mamane da Mohamed na takardun haihuwa duk tushensu guda ne. A auna yawa da adadin mazauna wurin, kada Yamai ta ruɗi mai ƙirga kamar yadda Landan ke yi. Da wannan za a iya zana inda Nomau ko Tanko ko Balarabe suka fi yawa, da lokacin da suka fara ja baya. Taswirar za ta nuna iyakokin karin harshe da sauyin al'ada, kuma jerin sunayen ɗaliban makarantu na shekaru hamsin da suka wuce ya isa a fara da shi.