Ina ragowar RAM ɗin kawu ta shiga?

A zangon da ya wuce na haɗa wata 'yar manhaja ta lissafin shago, na yi mata manhajar girkawa, wato abin da muke kira setof. Na sa mata sharaɗi: idan RAM ɗin kwamfuta bai kai giga 4 ba, wato mega 4,096, kada ta girku. A kwamfutata a nan Rano komai ya tafi daidai, don tawa giga 8 ce.

Ranar Asabar na kai wa kawuna a Kibiya. Laftof ɗinsa giga 4 ce, haka aka rubuta a jikinta, amma setof ya ce memori bai isa ba. Kawu ya ce, “Kai yaro, ke nan wanda ya sayar mini ya cuce ni?” Har ya ɗauki waya zai kira mutumin. Ashe laifin nawa ne.

Ga abin da na gano. Tambaya biyu ake yi wa Windows game da RAM, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko ita ce GlobalMemoryStatusEx, wadda na yi amfani da ita. Tana faɗin memorin da Windows ke iya aiki da shi ne kawai. Tun kafin Windows ta tashi, BIOS da sashen hoto na cikin firosesa sun riga sun yanki rabonsu, shi ya sa giga 4 ke dawowa ƙasa da 4,096. Idan ma Windows ɗin mai bit 32 ce, da wuya ta ga abin da ya wuce giga uku da rabi.

Ta biyu ita ce GetPhysicallyInstalledSystemMemory. Wannan tana karanta bayanin SMBIOS ta faɗi ainihin abin da aka soka a allon kwamfutar. A kula, da kilobayit take ba da amsa, sai ka raba da 1,024 kafin ka samu mega.

Don haka in kana haɗa setof na furojet ɗinka, ko dai ka yi tambaya ta biyu, ko ka sassauta iyakar zuwa kamar mega 3,500. Kuma gargaɗi ya fi hani: ka sanar da mai kwamfuta, ka bar shi ya zaɓa.

In kuma ta hannu za ka saya, danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance, sannan Memory. Za ka ga jimillar RAM da abin da na'ura ta keɓe wa kanta. Wannan ya zama dole yanzu, tunda Windows 11 giga 4 take nema, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Na gyara layin, manhaja ta girku. Kawu dai har yau yana tsokanata da “injiniyan da ya kusa haɗa faɗa.”