Zaɓen Manhajar Sa Ido Kan Biyan Kuɗin Da Ya Gaza A Kasuwancin Intanet

1.0 Gabatarwa

Ciniki tun asali abu ne na hannu da hannu: mai saye ya miƙa kuɗi, mai sayarwa ya ƙirga, a sallama kaya, kowa ya kama gabansa. To amma tun daga shekarar 2012 da Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da tsarin rage hada-hada da tsabar kuɗi, sai ciniki ya soma komawa ga kati da taransifa da intanet. Ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya ƙara tura hatta masu ƙananan sana'o'i zuwa ga wannan hanya. A cikin wannan sabon salo kuwa, akwai na'urori da dama tsakanin hannun mai saye da na mai sayarwa, kuma kuɗi yana iya tsayawa a kowace ɗaya daga cikinsu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta fito da abubuwan da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da su kafin ya zaɓi manhajar da za ta riƙa sa masa ido a kan biyan da ya gaza. Kalmar manhaja, wadda a da aka fi saninta da ma'anar tsarin karatu, an yi amfani da ita a nan da sabuwar ma'anarta, watau tsarin umarnin da kwamfuta ko waya take bi wajen gudanar da aiki.

2.0 Hanyar Da Kuɗi Kan Bi

A ɗauka cewa wata mata a Sakkwato ta ga shadda a shagon intanet na wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, ta kuma biya da kati. Saƙon biyan zai tashi daga shagon zuwa kamfanin karɓar kuɗi, irin su Paystack ko Flutterwave. Daga nan ya bi ta mahaɗar bankuna, kamar Interswitch da aka kafa a 2002, har ya isa bankin da ya ba ta katin. Bankin zai duba asusunta ya mayar da amsa, amsar kuma ta biyo wannan hanya ta dawo. In kuwa taransifa ta yi zuwa wani banki, to saƙon zai bi ta tsarin NIP wanda kamfanin NIBSS ya fara gudanarwa a 2011.

Amsar da banki kan mayar a cinikin kati lamba ce, bisa ƙa'idar da ake kira ISO 8583. Alal misali, 00 tana nufin an amince, 51 kuɗin asusu bai isa ba, 54 wa'adin kati ya ƙare, 55 an yi kuskuren lambar sirri, 91 kuwa ba a sami bankin ko mahaɗar ba.

3.0 Ire-iren Gazawa

Ana iya karkasa gazawar biya gida uku. Na farko shi ne wanda banki ya ƙi da dalili, kamar 51 ko 54. A nan ba a taɓa kuɗin kowa ba, ciniki kawai aka rasa. Na biyu shi ne wanda hanya ta yanke tun saƙo bai isa banki ba. Shi ma asararsa ba ta wuce ta cinikin ba, kuma sau da yawa in an jinkirta kaɗan aka sake gwadawa sai ya wuce.

Na uku shi ne biyan da ya maƙale, watau banki ya cire kuɗi daga asusun mai saye, amma amsar ta ɓace a hanya ba ta iso wa mai sayarwa ba. Wannan shi ne mafi muni, domin kowane ɓangare yana da gaskiya a hannunsa. Mai saye tana riƙe da alat, mai sayarwa kuma bai ga komai ba. In ya saki kaya yana tsoron alat na bogi, in ya riƙe kuma a ɗauke shi macuci. A shekarar 2020 Babban Bankin Nijeriya ya rage wa'adin warware irin wannan matsala ta na'urar POS da ta intanet daga kwana 5 zuwa awa 72, amma kwana uku ma sun isa su raba ɗan kasuwa da abokin cinikinsa.

4.0 Ma'aunan Zaɓe

4.1 Bayyana dalili. Manhajar da iyakar abin da za ta ce shi ne biya ya gaza ba ta yi aikin komai ba. Dole ne ta nuna lambar amsa da fassararta, domin kowace cuta da maganinta. Mai 51 a iya tuntuɓarsa bayan kwana biyu, mai 54 sai ya kawo wani katin, mai 91 kuwa a ba shi shawarar ya bi wata hanyar.

4.2 Daidaita lissafi. Wannan shi ne ma'auni mafi nauyi. Kowane biya yana da rubutu a wuri uku: littafin odar shago, littafin kamfanin karɓar kuɗi, da bayanin asusun banki. Manhaja ta gari ita ce mai jera ukun nan tana gwama su ta hanyar lambar shaidar ciniki, sa'an nan ta ware duk wanda ya bayyana a wuri ɗaya ya ɓace a wani. Haka kuma ba ta zama jiran sanarwa kaɗai, takan koma da kanta ta tambayi kamfanin karɓar kuɗi matsayin duk biyan da aka ji shi shiru. Ta haka ne ake gano wanda ya maƙale, ta haka ne kuma ake tona asirin alat na bogi.

4.3 Gargaɗi da wuri. Yawan gazawa ba ya nuna komai sai an auna shi da yawan yunƙurin biya. Gazawa 20 cikin 1,000 al'ada ce ta kasuwa, amma 20 cikin 50 alama ce ta cewa wani abu ya lalace. Saboda haka ya kamata manhaja ta rarrabe ƙididdigarta banki-banki da hanya-hanya, ta kuma aika da gargaɗi ta wayar da mai shago yake riƙe da ita. Sai dai gargaɗin da ya yi yawa shi ma aibi ne, domin mai gadin da yake ihu a kan kowane motsi, ranar da ɓarawo ya zo ba mai fitowa.

4.4 Hana cirewa sau biyu. Wasu manhajoji sukan sake gwada biyan da ya gaza da kansu, musamman a cinikin da ake biya wata-wata. Wajibi ne a tabbatar suna ba kowane biya lamba guda wadda ba ta maimaituwa, don kada a je neman gyara a cire wa mutum kuɗi sau biyu.

4.5 Tsare sirri. Lambar kati amana ce. Kamfanonin kati na duniya suna da ƙa'idar tsaro da ake kira PCI DSS, Nijeriya kuma ta kafa Dokar Kare Bayanan Jama'a a 2023. Manhajar sa ido ba ta da bukatar cikakkiyar lambar kati, kuma duk wadda ta nemi ajiye ta ba tare da shaidar bin ƙa'ida ba, a guje ta.

4.6 Farashi da dacewa. Manhajojin waje da yawa da dala ake biyansu, wanda kuwa yake ciniki da naira ya san yadda canji ya tashi tun daga 2023. Bugu da ƙari, wasunsu an gina su ne domin cinikin kati zalla, alhali a nan taransifa tana da babban kaso. Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

5.0 Wace Ta Dace Da Wa?

Mai ƙaramin shago wanda kamfani guda yake karɓar masa kuɗi, allon bayanan da kamfanin ya tanada yakan wadatar, muddin ana duba shi kullum ana gwama shi da asusun banki. Wanda yake hulɗa da kamfanoni biyu ko uku yana bukatar manhajar da za ta tattara su wuri guda. Babban kamfani mai ma'aikatan kwamfuta kuwa yana iya ɗora nasa ma'aunan a kan irin su Grafana ko Datadog. Ko wacce aka nufa, a fara gwada ta da gazawar gangan: a katse biya a tsakiya, a ga ko za ta lura, da kuma tsawon lokacin da za ta ɗauka.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa gazawar biya ba abu ne da za a kawar da shi baki ɗaya ba, tun da hanyar kuɗi ta ratsa hannuwa da yawa waɗanda ɗan kasuwa ba shi da iko da su. Abin da yake hannunsa shi ne ya riga abokin cinikinsa sanin cewa an sami matsala. Mai sayen da aka kira aka ce an ga kuɗinta ya maƙale kuma ana bin sa, za ta dawo gobe. Wadda kuwa aka bari tana yawo da alat a hannu tana rantsuwa, da wuya ta sake waiwayar shagon, kuma ba za ta yi shiru da labarin ba.