Darasi: Jinyar ɗan'uwa mai taɓin hankali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Salati da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa.

Ya ku 'yan'uwa na zawiyoyin Kanan-Bakashe, ba duk wanda ya bar mutane yana magana shi kaɗai ne majazubi ba. Akwai ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira sikizofireniya, mai kama kusan mutum 1 cikin 300, galibi da ƙuruciya. Mai shi yana jin muryoyin da babu su, yana zargin an sa masa guba a tuwo, yana barin wanka da barci.

Shari'a ta ɗauke masa taklifi lokacin da hankali ya gushe, to da wace hujja ake ɗaure shi da mari, ana bulala da sunan fidda aljani? A yi masa ruƙiyya, amma a kai shi asibitin Mayahi ko Maraɗi. Magani irin haloperidol yana kwantar da muryoyin cikin makonni. In wuya ya sanƙare ko hannu na rawa, a koma wurin likita, kada a yanke maganin. Kada a yi gardama da shi kan abin da yake ji. In ya natsu, a zaunar da shi cikin sahun wazifa.